Raddi ga masu cewa faifai ɗaya ya saki, hoton huhu ya lalace

Na'urar EIT tana zana hoton ƙirji ba tare da hasken iksire ba. Ana ɗaura wa majiyyaci ɗamara mai ilektirod 16, wato ƙananan faifan da ke manne da fata, a tura ɗan lantarki mara cutarwa ta biyu daga cikinsu, a auna abin da ya iso sauran. Huhu cike da iska yana tare lantarki fiye da wanda ya sace, daga wannan bambancin kwamfuta ke fitar da hoto. David Barber da Brian Brown suka fara ta a Sheffield ta Ingila a farkon shekarun 1980, kamfanin Dräger kuma ya fitar da PulmoVista 500 a 2011.

Rauninta yana wajen mannewa. Wanda ya san zafin Gwadabawa ta Jimeta a watan Afrilu, ga gumi yana jiƙa zanin gado, ya san manne ba ya jimrewa. Da hunturu kuwa fata ta bushe ta yi furu-furu, lantarki ya ƙi shiga.

Wasu suna cewa da zarar faifai ɗaya ya saki, a zubar da awon duka, a kwance ɗamara a sake ɗaurawa. Lissafi bai goyi bayansu ba. A tsarin Sheffield ana samun awo 208 a kowane zagaye. Faifai ɗaya yana taɓa 52 kawai, 156 suna nan lafiya lau. Sake ɗaurin ma yana da tasa ɓarnar, domin hoton kwatanci ne da awon farko: ɗamara ta goce ko kaɗan, abin kwatancen ya tashi. Balle ɗaga majiyyacin da ke kan injin numfashi ba wasa ba ne.

Sai su koma su ce to a cike gurbin da sifili, ko da matsakaicin awon maƙwabta. Wannan ya fi na farko muni. Sifili a wajen kwamfuta awo ne, cewa ne babu abin da ya canza a nan, ita kuwa sai ta gaskata. Lissafin EIT irin wanda ƙaramin kuskure ke kumbura shi ne, kamar yadda aka sani tun matsalar da Alberto Calderón ya gabatar a 1980, sai tabon ƙarya ya fito a huhu mai lafiya. Hanyar da Andy Adler ya bayyana a Kanada a 2004 ita ce a ɗauki awon da ya ɓaci a matsayin mai hayaniya ƙwarai, a rage nauyinsa har lissafi ya daina jin maganarsa. Hoton yakan ɗan dushe kusa da faifan, sauran ya tsaya daidai.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ba a sanin wanne ya saki sai nas ta duba. Amma ido ba ya ganin faifan da ke ƙarƙashin baya. Na'urar ce ke ganowa ta ƙa'idar musanya: in aka sauya wurin turawa da wurin aunawa, sakamako ɗaya ya kamata ya fito, inda suka saɓa nan laifin yake. Hartinger da abokan aikinta a Montreal sun nuna a 2009 ana iya yin haka hoto yana gudana.

Inda suke da gaskiya shi ne in faifai da yawa a jere suka saki: wannan sashen ƙirjin ya shiga duhu, sai a goge fata, a sa jel, a sake ɗaurawa.