Wai Boru Ba Ya Kisa

A wannan makon na zo da rigima, kuma rigimar tawa da wata jimla ce da na taso ina ji a bakin manya da yara daga Funtua har Malumfashi: wai "boru ba ya kisa." Boru shi ne ciwon baki da kofato da ke kama shanu, tumaki da awaki. Na san wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da ciwon dabbobi. Ya yi haƙuri ya kai ƙarshe, akwai rabonsa a ciki.

Kawuna manomi ne a wani ƙauye tsakanin Funtua da Bakori. Duk arzikinsa bijimai biyu ne na huɗa, da garma, da amalanke. Wata shekara, ana dab da faɗuwar damina, maƙwabcinsa ya sayo sa a kasuwa da araha mai ban mamaki, ya ɗaure shi a turke, kuma duk a kwalbati ɗaya ake shayar da dabbobin unguwar. Ba a rufa mako ba sai ga bijimin kawu ɗaya ya daina cin dusa, miyau na dalala daga bakinsa kamar zare. Da aka buɗe bakin, fatar harshe ta saluɓe. Kwana biyu sai ɗan uwansa ya kama, ƙuraje suka fashe a tsagar kofato, ya zama ko tsayuwa ba ya so. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce, "Ai da sauƙi Malam, boru ne, ba ya kisa."

Gaskiyarsu, bijiman ba su mutu ba. Amma ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, maƙwabta suna ta huɗa, shi kuwa shanunsa na kwance. Shanun haya sun yi wuya domin rabin unguwar halin da suke ciki ke nan. Ya shuka masara a makare, takin da ya ciyo bashi ya zuba bai biya kansa ba, ƙodagon da yake yi wa mutane da garma ya wuce shi. Da kaka ta yi, sai da ya sayar da bijimi ɗaya a rame ya biya bashi. A shekarar 'yarsa ba ta koma makaranta ba. To ku gaya mini, in boru bai yi kisa ba, wa ya kashe daminar kawu?

Kuma ko a kan lissafin gawa jimlar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Babbar saniya takan tashi, amma maruƙa da 'yan raguna sukan faɗi farat ɗaya domin ƙwayar cutar tana taɓa zuciyarsu. Saniyar tatsa nononta yakan ƙafe, wata ta yi ɓari, wata ba ta sake komawa yadda take. Matar da ke ɗaukar ƙwarya ta kawo nono kasuwa ita ta san abin da aka rasa, amma ba a tambayarta.

Abin da ya sa na tsani wannan jimla shi ne ita ce takalmin da ciwon ke yawo da shi. Ciwon da aka ɗauka mai kisa ne ana gudunsa. Wanda aka raina kuwa, sai a kai shi mashaya, a kai shi kara, a loda shi a mota. Ƙwayar boru tana cikin miyau, da nono, da numfashi, da kashin dabba. Tana maƙalewa a igiya, da takalmin mai kiwo, da kwanon dusa, da bayan motar da ta yi dako. Daga kamuwa zuwa bayyanar alama yakan ɗauki kwana 2 zuwa 14, kuma dabba tana iya fara yaɗawa tun kafin a ga miyau a bakinta. Tumaki da awaki kuwa sukan ɗauke shi da ɗan ɗingishi kawai, ba mai lura. Don haka ragon da ka sayo don kiwon Layya yana iya zama shi ne ajalin huɗarka.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya game da abin da ke faruwa idan boru ya ɓulla a garke. Da yawa daga cikinmu abin da suke fara tunani shi ne ranar kasuwa. A zaɓi waɗanda ba su nuna alama ba tukuna, a goge bakin wanda ya fara, a danna masa allura, dillali ya yi rantsuwa, a karɓi kuɗi. Allurar kuwa ba ta taɓa ƙwayar boru. Iyakarta ta hana miki ruɓewa. Mutum ya raba kansa da asara ya ɗora ta kan mutum goma da bai sani ba. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Mun san wannan tun muna makarantar allo, amma muna shiga kara sai mu ajiye shi a bakin ƙofa.

Akwai kuma masu saurin cewa, "Ai Fulani ne ke kawo shi." Wannan an bar jaki ne ana dukan taiki. E, garken da ke yawo yana iya ɗauko ciwo, ba wanda ya musa. Amma wa ke sayo shanu daga kasuwannin kan iyaka irin su Jibia da Mai'aduwa ya gwama su da na gida a ranar? Wa ke loda tirela yau daga wannan kara gobe daga wancan ba tare da an wanke ta ba? Wa ke sayen saniyar da bai san asalinta ba saboda ta yi araha, a ƙasar da satar shanu ta zama ruwan dare? Makiyayi ma asara yake yi, sau da yawa fiye da kowa. Boru ba ya tambayar yaren mai garke.

Yanzu bari in juya ga hukuma. Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 muke ta jin zancen fitar da nama ƙasashen waje. Buri ne mai kyau. Sai dai manyan kasuwannin nama na duniya suna fara tambaya ne: daga yankin da ya tsarkaka daga boru naman ya fito? Ba gwamna ke ba da wannan shaida a bakin lasifika ba. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Faris ce, kuma sai an nuna mata yanki mai iyaka sananniya, da tsarin sanin dabbar da ta shiga da wadda ta fita, da binciken jini a kai a kai, da aƙalla shekara guda ba a ga ciwon ba. Botsuwana ta yi haka da dogayen shingaye, ta samu damar sayar wa Turai nama. Namibiya ta fara kai nama Amurka a 2020. Birazil ta yi shekaru da dama tana rigakafi kafin a 2025 a amince cewa duk ƙasar ta tsarkaka ba tare da allura ba.

Riƙe tsarkin ma wani aikin ne. A 2001 boru ya shiga Ingila, ya bi kasuwannin tumaki ya bazu kafin a farga. Sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, asarar ta kai wajen fam biliyan 8, har babban zaɓe aka ɗaga. Ciwon da muke cewa ba ya kisa ke nan. Ku lura kuma da hanyar da ya bi: kasuwa da tumaki, daidai abin da muke wasa da shi.

Ba ina cewa mu je mu kwaso shingen Botsuwana mu kafa tsakanin Ƙanƙara da Kafur ba. A Namibiya ma shingen ya bar ƙananan makiyayan arewacin ƙasar a waje, suna kallon kasuwar da ba su da ikon shiga. Ƙasarmu ta burtali ce da cuɗanya. Manomi na buƙatar takin makiyayi, makiyayi na buƙatar karan manomi. Mun kuma ɗanɗana rufe kasuwa da ƙarfi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Malumfashi, Kafur, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, saboda matsalar tsaro. Mun koyi abu biyu. Na farko, in hukuma ta ga dama tana iya tsayar da zirga-zirgar dabbobi cikin kwana ɗaya, don haka kada a ce mana ba zai yiwu ba. Na biyu, in aka rufe ba tare da an tanadar wa talaka mafita ba, wanda akuyarsa ce asusunsa shi ke fara kuka, ciniki kuma ya koma bayan gida inda ba mai duba bakin dabba.

A nan ne nake ganin laifin hukuma ya fi na mai garke. Mutumin da ya san in ya kai rahoto za a tsare dabbobinsa kuma ba ko sisin diyya, me zai sa ya kai? Sannan ga rigakafin biki: a kafa rumfa, a yi jawabi, a yi wa shanu goma allura a gaban kyamara, a watse. Dattawanmu suna tuna bushiya, wadda allura ɗaya ke kare saniya daga ita har ƙarshen rayuwarta, shi ya sa aka iya kawar da ita daga duniya a 2011. Boru ba haka yake ba. Iri bakwai ne a duniya, huɗu an tabbatar da su a Najeriya, kuma allurar wani iri ba ta kare dabba daga wani. Kariyar ba ta wuce kamar wata shida, kuma in maganin ya sha zafin rana a hanya ya zama ruwa. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom, Jihar Filato, tun 1924, shekarar da aka fara rubuta ɓullar boru a ƙasar nan. Shekara ɗari ke nan muna zaune da shi. In ba a ɗebi samfuri daga bakin saniyar Danja ko Dandume an kai an gano wane iri ne ba, allurar da za a kawo caca ce.

To daga ina tsarkakakken yanki zai fara? Daga turke. Dabbar da ka sayo, ka ware ta mako biyu da kwanonta da igiyarta kafin ta haɗu da sauran. Garken da ciwo ya shiga, kada ya je mashayar gari, kada ya je kara, sai ya warke. Mai unguwa da ardo da sarkin pawa da shugaban dillalai su zauna su yi wannan doka da bakinsu, domin dokar da mutane suka yi da kansu ta fi wadda aka liƙa musu a bango. Hukuma kuma ta ajiye malamin dabbobi a ƙofar kowace kara ranar kasuwa, da wurin wanke mota, da lambar wayar da in an kira za a zo. A yi wa shanun huɗa allura kafin damina, a maimaita a kan lokaci, kuma wanda ya kai rahoto ya ga amfanin kai wa. In unguwa ta tsarkaka, gunduma za ta iya. In gunduma ta iya, sannan a yi maganar jiha da jirgin nama.

Ga rabonku, 'yan uwa marubuta. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Kuɗin rajistar da muka biya a makaranta daga buhun masara ya fito, masarar kuma daga kunyar da sa ya huɗa. Amma ku duba rubuce-rubucenmu: jarumi na da kamfani a Dubai, jaruma na kuka a cikin mota mai sanyi. Ban hana kowa soyayya ba, ni ma ina rubuta ta. Tambayata ita ce, wa zai rubuta mutumin da ya tsaya da asuba yana kallon hadari ya haɗo, bijiminsa kuma ya kasa tashi? Wa zai rubuta dillalin da ya san aibin sa, ga kuɗin la'ada a gabansa, ga kuma mai saye abokin mahaifinsa ne? Akwai tsoro a nan, akwai cin amana, akwai bashi da kunya da auren da aka ɗaga. Duk abin da labari ke nema yana nan a bayan gidanmu.

Likitan dabbobi zai rubuta rahotonsa da Turanci, a ajiye a kabad. Jimlar "ba ya kisa" kuwa da Hausa take yawo, don haka da Hausa za a kashe ta: a gajeren labari, a wasan rediyo, a waƙa, a saƙon murya da zai shiga wayar mai kiwo. In za ku rubuta, ku je kara ku tsaya, ku tambayi mai shanu da malamin dabbobi, ku ga ciwon da idonku, kada ku ƙirƙiro magani daga ka.

Wanda yake ganin na zafafa, ko yake da hujjar cewa boru ƙaramin abu ne, ga fili nan a ƙasa, ina jira. Kawuna dai har yau da bijimi ɗaya yake, yana haɗa shi da na wani su yi huɗa bi da bi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana dabbobinmu.