Wa ke kula da mai riƙe da allurar bincike?

Yau kan ma'aikatan jinya nake son mu tattauna, waɗanda mu nan Damagaram muke ce wa "likita" kawai, musamman masu aiki a cikin binciken magunguna da alluran rigakafi.

Da yawanmu ba mu san cewa ƙasar nan tamu babban filin bincike ba ce. A gundumar Miriya, nan kusa da mu, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata auna dantsen 'ya'yansu da ɗan madauri mai launi uku don gano tamowa da wuri. A 2013 da 2014 aka kwatanta Dogo, inda uwaye ke awon, da Takeita, inda wakilan lafiya ke yi, aka tarar uwayen ba su gaza ba. Yau ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dabara. A Madarumfa ta jihar Maraɗi kuma, cibiyar Epicentre ta MSF ta gwada rigakafin zawo mai suna Rotasiil, wanda ke jure zafi, a kan jarirai sama da 3,500. Sakamako ya fito a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018. Wannan abin alfahari ne, ban zo rage masa daraja ba.

Amma wa ya auna yaran nan? Wa ya ɗebi jini, ya ɗiga magani, ya bi uwa har ƙauye ranar da ba ta zo ba, ya cika takardu ɗaya bayan ɗaya? Ma'aikatan jinya ne. Duk lissafin da manyan masana ke karantawa a Turai da Amurka, daga bironsu ya fara.

Yayata tana cikinsu. Ta yi aiki a wani proje na bincike, ba ɗaya daga waɗanda na ambata ba, kuma ba zan kama suna ba. Wata safiya cikin damina, lokacin da masassarar cizon sauro da tamowa ke haɗuwa su cika ɗakunan yara, ta dawo gida Birni daga gardi ta zauna ko hijabi ba ta cire ba. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce cikin dare wani yaro ya suma, ta tsaya kansa, har lokacin auna zafin jikin wani yaron da ke cikin binciken ya wuce. Gurbin ya zauna fayau a takarda. Abokiyar aikinta ta ce mata, "Ki rubuta 37 mana, wa zai sani?" Ta ƙi. Ta bar gurbin, ta rubuta dalili. Aka yi mata faɗa gaban mutane. Kwantararta ta wata uku ce, saura mako biyu ta ƙare, kuma duk makonnin nan biyu ba ta yi barcin kirki ba. An sabunta mata daga baya. Sai dai abin da ta ce mini ya tsaya mini a rai: "Wallahi ƙanena, in ya sake faruwa ban san abin da zan rubuta ba."

A nan matsalar take. Bincike na tafiya ne da gaskiyar wanda ke gefen gado. In yaro ya sha sabon magani ya yi amai ko jikinsa ya yi ƙuraje, ma'aikaciyar jinya ce ta farko da za ta gani. In ta yi awa goma sha biyu a tsaye, ido na iya kuskure. In tana tsoron a ce ita ce mai kawo matsala, za ta yi shiru. Lambar ƙarya ɗaya ta shiga kwamfuta, ta haɗu da wasu, daga nan a yanke hukunci kan maganin da za a ba 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Sannan ita ce ke neman yardar iyaye. Takarda da Faransanci take, uwa Hausa ko Barbarci take ji. Ma'aikaciyar jinya ce za ta zauna ta bayyana mata cewa gwaji ne, kuma tana da ikon cewa a'a ba tare da an hana ɗanta magani ba. Wannan bayani yana son lokaci. In an ɗora mata adadin yaran da za ta shigar kafin yamma, bayani zai koma dangwala yatsa kawai. Mun ga inda rashin yarda ke kai mutane. A Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan da yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da mutane suka riƙa tunawa lokacin da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003.

Na san wani zai ce, "Haba, 'yan proje ai sun fi ma'aikatan gwamnati albashi, kukan me kuma?" Sau da yawa haka ne. Ga matasa nan sun gama makarantar lafiya suna aikin sa kai ba ko dala. Amma wannan layin masu jira shi ne ke rufe bakin wadda ta samu, don ta san in ta yi magana gobe wata ce a kujerarta. Albashi mai kauri na wata uku ba ya maganin wannan tsoro.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema. Kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike a Yamai, kafin ya sa hannu kan kowane gwaji, ya tambaya: yara nawa ne ga ma'aikacin jinya ɗaya a watan Satumba? Gardi nawa a mako, hutu nawa bayansa? Dokar aiki ta Nijar awa 40 ta ce a mako, a biya abin da ya haura. Kwantara ta yi tsawon binciken, a yi musu rajista a CNSS. A yi musu rigakafin ciwon hanta, kuma in allura ta soke su, maganin kariya daga ƙanjamau ya kasance a kusa, don cikin awa 72 ake fara shi. A buɗe musu hanyar faɗin kuskure ba tare da hukunci ba. In aiki ya ƙare, a ba su takardar shaida, a sa sunan waɗanda suka cancanta cikin rahoto, a dawo a gaya musu sakamako tare da mutanen ƙauyukan.

Mu ma muna da rabonmu. Kusan kowane gida a Birni, Zango ko Garin Malam yana da 'yar uwa ko ɗan uwa mai farar riga. In ta dawo daga gardi, ku bar ta ta yi barci. In ta farka, ku tambaye ta yadda dare ya kasance, ku saurara da kyau. Masu wannan aiki da ke karanta mu, ku rubuto mana abin da kuke gani, ba sai da suna ba. Za mu tattara mu kai inda ya dace.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafi masu jinyarsu.