Agogon Turai Ba Zai Yanke Mana Tarihi Ba

Matasanmu na Kawukudi, Nima da Maamobi masu buga wasan dabarun yaƙi na Crusader Kings III sun san daɗin riƙe sarautar Daurama ta Daura tun daga shekarar 867. Sai dai wasan yana ƙarewa a 1453, shekarar da Turkawa suka ci Kustantiniyya. Wannan ƙarshen zamani ne ga Turai, amma ina ruwan Kano? Saura shekara goma kacal Muhammadu Rumfa ya hau gado, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya karɓi Al-Maghili. Muna kira ga kamfanin Paradox da ya tsawaita wasan zuwa 1499, ƙarshen mulkin Rumfa. Ɗan zango da bai taɓa taka Kano ba, a nan yakan fara sanin kakanninsa. Kada a katse masa labari.