A Sa Littattafan Malam Abdullahin Gwandu Cikin Laburaren Intanet

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yi a rediyo, wai yanzu ɗalibi zai shiga laburare ko ajin jami'a ta kwamfuta ko waya ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Tun 2003 Amurkawa suka buɗe wata duniyar kwamfuta mai suna Second Life, har jami'o'i suka gina ajujuwa a ciki, mutum ya tura mutum-mutuminsa ya zauna ya ɗauki karatu.

Ni manomi ne mai ɗan taɓa tireda, karatuna bai wuce firamare ba, amma ban raina abin nan ba. Mun ga yadda korona ta rufe makarantu a 2020, ga yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022. Da littattafai na cikin waya, ai ko babu malami yaro ya yi bita.

To amma me za a zuba a laburaren? Littattafan Turawa kaɗai? Nan Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, shi ya rubuta Diya'ut Ta'wili na tafsiri da Diya'ul Hukkami kan sha'anin mulki da Tazyinul Waraƙati. Waɗannan an buga su, amma akwai rubuce-rubucen hannu nasa da na almajiransa a gidajen malamai, naɗe cikin gafaka. Gara kuwa ba ta san waliyyi ba, haka ruwan damina. In dattijon gida ya rasu, magada su raba takardu kamar ana rabon hatsi, littafi ɗaya ya watse gida uku.

A ƙasar Mali, bayan rikicin 2012, an kwashe littattafan Tambutu zuwa Bamako, aka ɗauki hotonsu, a 2022 Google ya sa shafi fiye da 40,000 a intanet. Me zai hana mu?

Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mai mazauni a Kalgo, ta haɗa kai da Masarautar Gwandu. Amma a bi malami har zaurensa a ɗauki hoton, a bar masa kayansa. In aka ce ya miƙa a tafi da su, wallahi ba zai bayar ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai maganar kuɗin data, wanda aka amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a 2025. Ɗan talaka ba zai jure ba. A buɗe mana ɗaki guda nan cikin garin Gwandu, da kwamfutoci da wutar sola, a shiga kyauta, a ware wa 'yan mata ranakunsu.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Gwandu, Jihar Kebbi.