A Daina Ɓoye Hoton Ƙirji

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan Arewa mazauna Alaba Rago da Agege ita ce, mutum ya biya kuɗi a ɗauke shi hoton ƙirji, da ya hango fari-fari a jiki sai ya naɗe hoton ya tura ƙarƙashin katifa, ya kama shirin tafiya gida. Wannan kuskure ne babba.

Ga yadda abin yake. A hoton, iska baƙa take fitowa, ƙashi kuwa fari. Don haka huhu mai lafiya duhu-duhu yake, farin da ke tsakiya zuciya ce, layukan da suka gitta haƙarƙari ne. Farin gajimare a cikin huhu yana iya zama ciwon nimoniya. Fari a gindin huhu sau da yawa ruwa ne ya taru. Zuciyar da ta zarce rabin faɗin ƙirji alama ce ta kumburi, wanda hawan jini kan jawo. Tarin fuka kuwa ya fi kama saman huhu, har yakan yi rami. Wani tabon ma na tsohon ciwo ne da ya warke.

To, hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Tun 1882 da Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka, a cikin kaki ake nemanta. Saboda haka likita kan ce a kawo kaki a auna.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan ciwo. Inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya ko rumfa ɗaya, mai tari guda ya isa ya shafa wa saura. Wanda ya gudu gida kuma, iyalinsa ya kai wa.

Alhali kuwa maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Mainland da ke Yaba, kuma wata 6 ake sha ba fashi. Wanda ya bari don ya ji sauƙi, ciwon kan dawo ya ƙi jin magani.

Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su riƙa faɗakar da jama'a: duk tarin da ya kai mako 2, a nufi asibiti, a kuma mayar wa likita da hoton. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.