Kafin Ka Sauya Waya, Sayi Fawa Bank

A watan Satumbar 2024, madatsar ruwan Alau ta ɓalle cikin dare, ambaliya ta mamaye Maiduguri mutane na barci. A irin wannan dare, tsadar wayarka ba za ta cece ka ba idan batir ya mutu.

A ganina, kowane gida ya ajiye fawa bank cike da caji, wanda ba a taɓa shi don kallon TikTok. Ɗauki hoton takardun gida da na makaranta, ka adana a Google Drive. Rubuta lambobin 'yan uwa a takarda, ka koya wa ƙannenka kiran 112. Ajiye tsabar kuɗi, domin babu tiransifa idan sabis ya ɗauke.

Ba a fafe gora ranar tafiya.