DUTSEN ZAGAMI BA NA GWANJO BA NE

Ran 3 ga watan Oktoba na 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami a Lardin Katsina, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Ba mamaki waɗansu a lokacin su ce gatarin aradu ne. Aka haƙo shi aka kai wa ma'aikatar binciken ma'adinai a Kaduna. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne, watau tauraron nan ja da malaman hisabi ke kira Mirrihu.

Yadda aka gane haka kuwa shi ne, a 1976 Amurka ta saukar da kumbo biyu masu suna Viking a kan Mars domin neman alamar abu mai rai. Ba su kawo amsar da ta gamsar da kowa ba, amma sun auna iskar wurin. Daga baya aka tarar da iska irin wannan a kulle cikin ƙananan kofofin waɗansu duwatsu da suka faɗo duniyar nan, har da na Zagami.

To, ina ruwan mai neman rai da dutse? Ruwansa babba ne. Babu wani masani mai hankali da yake sa ran ganin mutane ko dabbobi a Mars. Abin da ake nema shi ne sawun ƙananan halittu irin waɗanda ido ba ya gani, waɗanda watakila suka rayu can zamanin da akwai koguna da tafkuna a wurin, kuma in akwai sawun nan to cikin dutse yake. A 1996 masanan Amurka suka ce sun gan shi cikin wani dutsen Mars da aka tsinta a ƙanƙarar kudancin duniya, har Shugaba Clinton ya yi jawabi a kai, amma yawancin masana ba su yarda ba. A 2024 na'urar Perseverance ta ga wani dutse mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa a wani busasshen kwarin kogi, aka ce mai yiwuwa alama ce. Ba a iya yanke hukunci sai an kawo shi nan an bincika, kuɗin ɗauko irin waɗannan duwatsu kuwa an ƙiyasta a 2023 zai iya kai wa dala miliyan dubu 11.

Abin da manyan ƙasashe ke neman kashe wannan dukiya a kansa, shi ne ya faɗo kyauta a gonar talaka. Gaskiya ne ba a sami alamar rai a dutsen Zagami ba, domin dutsen aman wuta ne, amma da irinsa ake sanin yanayin Mars da shekarun duwatsunta. Duk da haka an yi ta yankarsa, gutsattsarinsa sun bazu a ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa na ƙasashen waje, ana sayar da su giram-giram kamar zinariya. Har an liƙa ɗan ɓallinsa a jikin wani kumbo da aka harba zuwa Mars a 1996. Dutsen ya koma wajen gida, alhali ɗalibai nawa ne a Zariya ko Kano suka taɓa ko jin sunansa?

Abin da ya sami Nijar ya fi wannan ciwo. A Nuwamba 2023 aka tsinci dutsen Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadas, wanda ba a taɓa samun mai girmansa ba. A Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3. Kamfanin ya ce an bi ƙa'ida, gwamnatin Nijar ta ce za ta bincika, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ihu bayan hari ke nan.

Ba laifin makiyayi ko manomin da ya tsinta ya sayar ba ne, tun da babu wanda ya gaya masa darajar abin. Gyara yana wuyan Gwamnatin Tarayya. Ta yi doka bayyananniya cewa duk dutsen da ya faɗo daga sama a kai shi hukuma, a biya mai tsintuwa lada mai tsoka nan take, domin in aka ce ya bayar kyauta to ta bayan gida zai fita. A ajiye babban kaso a jami'o'in ƙasa, baƙin masana su zo su yi aiki tare da 'yan gida.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Ibadan, musamman masu harkar duwatsu masu daraja, su ne suka fi kusa da hanyar da kaya ke bi zuwa jirgi. In wani ɗan'uwa ya aiko da baƙin dutse mai nauyi, mai ƙonannen ɓawo, ya ce a nemo masa mai saye, kamata ya yi a fara kai shi sashen ilmin ƙasa na wata jami'a a auna, kafin a buɗe baki a yi ciniki.